Abin da Ke Kai Kakana Kebbe Ranar Ɗaya ga Oktoba

Shekarun baya, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Tambuwal, na ƙara layi ɗaya a takardar aikin gida don kawai 'yan ajinmu su yi dariya. Layin nan saura kaɗan ya raba yayana da yarinyar da yake nema. Wasu sai sun ɗauki sanda kafin su yi ɓarna. Ni biro ya ishe ni.

Saura mako guda a yi hutun ɗaya ga Oktoba, malaminmu na tarihi ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya rubuto manyan abubuwan da suka faru a wannan rana, kuma mu tambayi tsofaffin gidanmu, kada mu dogara da waya. Ni kuwa na dogara da wayar yayana, cikin minti goma na gama. A 1960 aka samu 'yancin kai. A 1963 ƙasar ta zama jamhuriya. A 1979 sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. A 1996 aka ƙirƙiro sababbin jihohi, aka yanke Zamfara daga jikin Sakkwato. Har na gano mutanen Sin ma ranar suke bikin ƙasarsu. Kaina ya kumbura, ina jin da za a ba ni alli sai in koyar da malamin kansa.

Amma don kada in yi ƙarya idan an tambaye ni ko na je wurin tsoho, sai na samu kakana a zaure yana tufkar igiya. Na tsuguna na buɗe littafi.

"Tsoho, ranar da aka samu 'yancin kai kana ina?"

Bai ɗago ba ya ce, "Kebbe."

"Da aka zama jamhuriya fa?"

"Kebbe."

"Da soja suka sauka?"

"Kebbe."

"To ranar da aka cire mana Zamfara?"

"Kai wanga yaro, kurma ne kai? Kebbe nic ce maka."

Na ajiye biro. Ni dai na san duk shekara ranar hutun nan yana sa yayana ya kai shi Kebbe a babur, amma ban taɓa kawo komai a raina ba. Ba mu da dangi a can. Ba mu da gona a can. Ko kasuwar garin ba ta dame shi ba.

Na ce, "Me kake zuwa yi?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Tarihin ƙasa anka aiko ka tambaya, ko tarihin ƙafafuna? Tashi ka ba ni wuri, ja'iri."

Kakana mutum ne mai labari. Idan ka tambaye shi farashin goro zai kai ka har zamanin da ake zuwa Gwanja da jakuna. Mutumin da ba ya iya yin shiru ya yi shiru, ai dole in so jin dalili.

Na koma kan yayana. Da ƙyar ya yarda ya yi magana, sai da na yi alkawarin wanke masa babur kwana uku. Ya ce duk shekara a gindin wata tsamiya yake sauke shi, bayan kasuwa. Ba a jimawa sai wani dogon tsoho mai sanda ya fito ta hanyar daji. Sai su gaisa, su waiga dama, su waiga hagu, su nufi bayan gari suna magana ƙasa-ƙasa. Sai la'asar yake dawowa. Yayana bai taɓa damuwa ba, don zaman jiran nan ne ya haɗa shi da wata yarinya 'yar gidan masu shanu da ke kawo nono kasuwa. A lokacin magana ta yi nisa, an shirya manya za su je tambaya da zarar an gama yankan gero.

Su waiga dama, su waiga hagu! Wannan ne ya hana ni sakat.

Na je wurin mahaifiyata, ta ce tun da aka kawo ta gidan haka ta tarar, kuma mai hankali ba ya bin sawun kakansa. Na gane da ni take, amma na yi kamar ban ji ba. Da Tsoho ya tafi masallaci sallar azahar, na shiga ɗakinsa na buɗe adakarsa. Allah ya yafe mini. Ƙarƙashin tsofaffin riguna na tarar da ƙaramin wandon kaki da asu ya ci, da usur na ƙarfe ɗaure da igiya.

Kaki da usur. A gidan manomi da ya ce mana makarantar boko ko aji huɗu bai gama ba.

Daga nan kaina ya kama aiki kamar injin niƙa. Duk ranar da wani babban abu ya faru a ƙasar nan, kakana yana Kebbe yana raɗa da wani mai sanda. Da farko na ce ɗan leƙen asirin Turawa ne da suka manta ba su sallame shi ba. Daga baya na tuna malam ya taɓa ba mu labarin jangali, harajin da ake karɓa a kan kowace saniya zamanin Jihar Arewa. Ya ce masu shanu kan ɓoye garke a fadama idan masu ƙidaya za su zo, kuma akwai 'yan rahoto da ke tona inda aka ɓoye. Na ce shi ke nan, na kama shi. Har na fara kallon yadda yake shan fura, ina ganin shan 'yan rahoto ne.

Ranar da za mu karanta aikinmu a gaban aji, na karanto abubuwa huɗun nan da na Sin, kowa na hamma. Ni kuwa ba na jure ganin mutane na hamma ina tsaye. Sai na zaro biro na ƙara layi ɗaya a takardar, na gyara murya na karanto, "Abu na shida, kuma mafi girma: duk ranar ɗaya ga Oktoba, tun 1960, kakana yana tafiya Kebbe aikin sirri."

Aji ya fashe da dariya, har malam ya rufe baki da littafi. Da na tsaya nan da babu komai. Amma da aka fita tara, yara suka zagaye ni, daɗi ya kwashe ni. Na ba su labarin kaki da usur. Na ce da usur ɗin yake kiran masu jangali idan ya gano garke. Na ce busa ɗaya shanu hamsin, busa biyu shanu ɗari. Na ce har yau shanun Kebbe idan suka hango shi sai su juya baya. Har kwaikwayon tafiyarsa na yi, ina leƙe-leƙe. Wani abokina ya yi dariya har ya faɗi ƙasa.

Abokin nan nawa ɗan Kebbe ne, a gidan kawunsa yake zaune a Tambuwal don karatu. Hutu na zuwa ya tafi gida, ya ba ƙannensa labari don su ma su yi dariya. Ya manta bai gaya musu wasa ba ne. Ko da yake, in faɗi gaskiya, ni kaina ban tabbata wasa nake yi ba.

Ɗaya ga wata ta zo, Tsoho ya yi tafiyarsa ya dawo lafiya. Bayan kwana tara sai ga saƙo daga gidan su yarinyar nan: manya su dakata, kada su zo tukuna.

Yayana ya kira ta ya fi sau ashirin kafin ta ɗauka. Tana kuka ta gaya masa dalili. Kun san yadda ake yi, kafin a ba da 'ya sai an bincika asalin gidan da za ta shiga. An bincika namu tun tuni, ba a samu komai ba. Sai ga wannan labari ya shiga kunnen kakarta ta wajen uba, wadda ko mahaifin yarinyar ba ya tsallake maganarta. Ashe tsohuwar tana da ciwo a zuciya. Washegarin samun 'yancin kai, tana 'yar shekara goma, masu jangali suka dira a fadamar da mahaifinta ya ɓoye garkensa. Aka ci shi tara mai nauyi, ya rabu da shanun da bai sake tara irinsu ba har ya bar duniya. Kuma ita da idonta, ana gobe abin zai faru, ta ga wani yaro ɗan makaranta da kaki, usur a wuyansa, ya wuce ta gefen rugarsu a kan keke. Shekara sittin tana neman sanin ko ɗan wane gida ne.

Ni ƙarya na shirya don dariya, sai ga ta ta yi daidai da gaskiyar wani kamar an auna.

Ba a sha wahalar gano inda maganar ta fito ba. Mahaifiyata ta kama kunnena, ina jin har yau na dama ya fi na hagu tsawo. Yayana bai taɓa ni ba. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Ya daina cin abinci, ya daina yi mini magana, yana zaune kan babur a ƙofar gida kamar mai jiran fasinjan da ba zai zo ba.

Mahaifina ya shiga wurin Tsoho ya durƙusa ya ce, "Baba, kalma ɗaya kawai. Ka ce ƙarya ne, ni zan je in gaya musu."

Ina laɓe a bayan ƙofa. Tsoho ya ce, "Ba ni da ta cewa."

Nan zargina ya dawo sabo, amma wannan karon babu daɗi a cikinsa. Kwana uku ina kallonsa. Ba ya tufkar igiya, ba ya tsokanata, rediyonsa ma a kashe. Ina ta ce wa kaina mai gaskiya ai rantsuwa zai yi a wuce wurin. Na fara tunanin wace gona aka saya da ladan rahoto, wane tuwo na ci na haram.

Rana ta huɗu da safe ya fito da babbar rigarsa ya ce wa yayana, "Tada babur." Ya nuna ni da haɓa. "Kai ma hau. Tsakiya za ka zauna, don in ka buɗe baki in ji kusa."

Haka muka kama hanyar Kebbe mu uku, ni a matse kamar buhun gishiri. Duk ramin da muka faɗa sai haɓar Tsoho ta bugi ƙeyata, kuma na tabbata wasu bugun da gangan ne. Yayana ya ce wannan ne karo na farko da ya kai shi garin a ranar da ba ɗaya ga Oktoba ba.

Ba mu tsaya a tsamiya ba. Muka bi hanyar daji har wani gida mai garke a bayansa. Dogon tsohon nan mai sanda yana zaune a inuwa. Da ya ga kakana sai ya miƙe a firgice.

"Lafiya? Wa ya rasu? Ko an sake ba mu 'yancin ne ban ji ba?"

Kakana ya ce, "Alkawali nika so ka sakam mini."

Tsohon ya waiga dama, ya waiga hagu, ya dube mu. Ya rage murya. "Gaban yara? In hukuma ta ji fa?"

Yayana ya ce, "Baba, ai an daɗe da soke jangali."

"Haka suka ce, ɗana. Haka suka ce."

Da kakana ya gaya masa abin da ya faru, tsohon ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Wanga ne mai bakin?" Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki sandarsa. Na ɗauka ni za a fara da ita, ashe tafiya zai yi. Ya ce, "Mu je. Na sakam maka, kuma da bakina za su ji rabi."

A zauren gidan su yarinyar aka shimfiɗa mana tabarma. Mahaifinta da ƙannensa suna gefe guda, fuska ba walwala. Tsohuwar ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi ta juya mana gefe.

Dogon tsohon ne ya fara. Ya ce shi da kakana allo ɗaya suka yi a Tambuwal suna yara, kafin a sa kakana boko shi kuma ya koma kiwo. A shekarar 'yancin kai ciwo ya shiga garkensu, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, in aka karɓi jangali a kai sun tashi. Sai mahaifinsa ya ɓoye su a fadama.

Kakana ya karɓa. Ya ce shi aka zaɓa ya ja faretin 'yan makaranta ranar bikin, shi ya sa aka ba shi usur. Ana gobe biki an aike shi kai ruwa inda manya ke zaune, ya ji masu jangali na cewa da an gama shagali za su faɗa wa fadamar nan, don an riga an kai musu labari. Da gari ya waye kowa na ɗaura tuta, shi kuwa ya ɗauki keken hedimasta ya kama hanyar Kebbe. Ƙafarsa ba ta kai feda sosai, a tsaye ya tuƙa. Ya iske abokinsa, kafin rana ta faɗi sun kore shanunsu sun bar wurin. Da ya koma Tambuwal aka yi masa bulala a gaban makaranta, aka tambaye shi inda ya je, ya ƙi faɗa, aka kore shi. Su biyun suka rantse ba mai ji, don a lokacin abin ɗauri ne. Suka kuma yanke su riƙa haɗuwa a wannan rana, saboda ita kaɗai ce ranar da rediyo zai tuna wa kowa ba sai an aika wasiƙa ba, kuma tana zuwa kafin a tafi da shanu cin rani.

Na saki numfashi. Na fara murmushi ma, ina shirin yadda zan ba da wannan sabon labari a aji, da ƙarin kura biyu a hanya.

Sai tsohuwar ta yi magana, ba ta juyo ba. "Na ji ba kai ka kai rahoto ba. To amma kai ne yaron da nig gani?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ka san za su zo."

"Na sani."

"Ka ga shanunmu?"

Kakana ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. Ya ce, "Na gan su. Na ga wata yarinya da ƙwarya a bakin ruga, ta ɗaga mini hannu. Tsoro ya hana ni tsayawa. Na ce in na faɗa wa gida biyu magana za ta fita a gane ni. Na wuce. Ba rantsuwa kaɗai ta rufe mini baki shekarun nan ba, Hajiya. Har da wannan. Ki yafe mini. In ba ki iya ba, ki bar laifin a kaina, yaron nan ba a haifi ko ubansa ba a lokacin."

Ɗan maraƙi ya yi kuka daga bayan gida. Yayana ya ƙura wa tabarma ido. Tsohuwar ta goge fuska da bakin mayafi.

Ta ce, "Shekara nawa gare ka ran nan?"

"Sha biyu."

Ta juyo a karon farko, amma ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. "Kamar wanga?"

"Bai kai shi ba."

Ta ce, "Hm. Wanga ko, da shi ya gani, da duk lardin Sakkwato sun ji kafin azahar." Wani daga cikin ƙannen ya yi dariya ya maida ita tari. Ta dafa bango ta miƙe. "Ku tafi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abin da ya kwana shekara sittin ba ya tashi da hantsi ɗaya."

Muka kama hanyar dawowa har muka kusa gida. Can na ce, "Tsoho, ka yi haƙuri." Ya ce, "Rufe mini baki, iska na shiga." Amma na ji ya riƙe kafaɗata, kuma haɓarsa ba ta sake bugun ƙeyata ba.

Har yau idan na tuna, ba dukan kunnen ne ke damuna ba. Kwana ukun nan ne da na zauna ina kallon kakana a matsayin maci amana, mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kasuwa, don kawai ya yi shiru. Na ɗauka mutum abu biyu ne, ko ya yi laifi ko bai yi ba. Ban san ana iya yin abin kirki da abin kunya a safiya guda, a kan keke guda ba. Kuma mu a makaranta muna haddace ranar nan da manyan abubuwa huɗu ko biyar, alhali a garinmu kaɗai akwai tsofaffin da kowannensu ke da nasa abin da ya faru a ranar, wanda ba ya cikin wayar kowa. Ban daina ƙarin gishiri ba, kada in yi muku ƙarya. Sai dai yanzu a kaina nake ƙarawa, shi ya sa na ce muku kunnena ya yi tsawo.

Wata bakwai tsohuwar ta yi kafin ta aiko a zo. An ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Ba ta zo rakiyar amarya ba, amma ta aiko da ƙwaryar man shanu, ta ce na kakana ne shi kaɗai, kada a ɗanɗana wa mai dogon baki. Kuma ba a ɗanɗana mini ba.